Kurɓi Ɗaya, Jirgi Ɗaya

Shekara biyu ina kwana da minsharinki, Eloísa,
minsharin ƙato a ƙirjin 'yar shekara biyar.
Ta bango nake jin sa.
In ya yanke sai in tashi zaune
har ya dawo.

Ran Talata Dokta Riquelme ya fito yana tuɓe safar hannu.
An cire 'yan wuyan, in ji shi, an share tsokar bayan hanci.
Magani duk awa shida, ko tana barci.
Ruwa, ruwa, ruwa.
In ka ga jini ja, kada ka jira gari ya waye.

Na goya ki muka hau matakalar unguwarmu,
Valparaíso duk tudu ce, ba ta tausayin mai goyo.
Yawunki ya jiƙa min wuyan riga.
Ban goge ba.

Kwana na biyu kika rufe baki gam.
Kakarki Herminia ta kawo romon kaza da ya huce,
ta kawo askirim fari,
ta kawo roƙo, ta kawo faɗa.
Kika juya wa bango fuska.
Mamarki tana can arewa, kicin ɗin mahaƙar tagulla,
ta waya take cewa sha mana, 'yar lelena,
wayar tana yankewa.
Ni da nake ɗaga kwantena a tasha kamar akwatin ashana,
cokali ɗaya ya gagare ni.

Sai na ja kujera bakin taga,
na ɗora ki a cinya, teku a ƙasanmu.
Na ce duk jirgin da ya shigo, kurɓi ɗaya.
Kika yi tunani. Kika gyaɗa kai.
Jan jirgin kaya, kurɓi.
Kika runtse ido kamar mai haɗiye ƙaya.
Na masunta, kurɓi.
Da teku ta yi rowa sai na fara ha'inci,
na ƙirga shuɗin nan sau biyu.
Kika kama yatsana, kika girgiza shi.
Ko bebe ya san an cuce shi.

Ƙarfe biyun dare, ƙararrawar waya.
Sirinjin magani a gefen kumatu.
Kina kuka ba sauti, don kukan ma ciwo yake.
Bakinki yana wari, an ce haka warkewa take wari.
Na sumbace ki duk da haka.

Daren shida kunne ya ɗauka.
Na ɗumama tawul, na dafa.
Can na ga ɗigo a matashi.
Na haska fitilar waya, hannuna yana rawa,
ja ne ko ƙasa-ƙasa?
Nas ta ce duba maƙogwaron, yana zuba?
Ba ya zuba.
Na kwana a zaune, takalma a ƙafa,
makulli a hannu,
ina kallon haɗiyar yawunki.

Ran tara kika yi magana.
Wata murya ce, siririya, wankakkiya,
kamar an yi min musayar 'ya.
Baba, ina suka kai su?
Na ce ban sani ba.
Kika ce sun tafi da minsharina.
Sannan kika nemi ɓawon burodi mai ƙaras-ƙaras.
Na ce tukuna.
Kika yi fushi, fushi na gaske, har da buga ƙafa,
Herminia ta fita tsakar gida tana dariya tana share ido.

Yanzu gidan shiru.
Wanda maciji ya sara, tsumma ma tsoro yake ba shi:
har yau ƙarfe biyu nake farkawa,
in lallaɓa, in kai bayan hannu kusa da hancinki.
Iska tana shiga, tana fita,
bakinki a rufe.
Can ƙasa wani jirgi yana shigowa.
Na ɗauki kofinki na sha.